Dorinar da Ba Ta Taɓa Doki Ba

A shekarata ta biyu da fara zuwa Guangzhou sarin takalma na san tsohon, wajen ƙarshen shekarun casa'in. Shi ke gadin masana'antar da nake saye a Panyu, amma ran Lahadi wani mutum ne daban. A bayan gari akwai ɗan fili inda masu masana'antu ke tseren dawaki don nishaɗi. Ba hawa ake ba. Keke mai ƙafa biyu ake ɗaura wa doki, mutum ya zauna a baya ya miƙe ƙafafu kamar mai jiran a yanke masa farce. Dokin ma ba a yarda ya yi sukuwa ba, sai sassarfa. Ranar farko na yi dariya har da hawaye. Zuwa na uku, ba wanda ya kai ni ihu.

Tsohon ke tuƙa goɗiyar maigidansa, kuma bulala ce matsalarsa. A dokar wurin bulala siririya ce mara nauyi, ba a ɗaga ta sama da kafaɗa, hannu biyu kuma ba sa barin linzami. Wanda ya karya dokar sau uku, an raba shi da fili har shekara. Shi kuwa in tsere ya yi zafi, hannunsa ba ya jin magana. Sau biyu alƙaliyar fili tana rubuta sunansa. Ya haura sittin, ya kuma san in ya sauka daga keken nan wani za a ɗora, shi ke nan.

Duk an gaya min wannan, amma ta bayan kunnena ya bi. Ni Bakano ne, na ga mai doki, ina tsarabar da ta fi dorina? Da na je gida na sa aka yi min mai kauri, da jan fata a mariƙa, na kawo masa ina ta washe baki.

Da hannu biyu ya karɓa. "Shiye-shiye, lawban," in ji shi, wato "na gode, maigida", yana rusunawa. Ashe a wajensa kyauta sai an girmama ta a idon mai ita. Ran Lahadi ya bar bulalarsa a gida, ya zo da tawa.

Alƙaliyar, wata mata mai tabarau, takan duba bulalar kowa kafin a tashi. Ta ɗaga dorinata, ta jinjina nauyinta, ta dubi tsohon, sannan ta nemo ni a cikin jama'a, abin da ba shi da wuya. Ta cusa ta a ƙarƙashin teburinta. Na bi sauran matuƙa ɗaya bayan ɗaya ina roƙon aron bulala, kowa ya ce min "meyo", wato babu, har wanda nake ganin biyu a hannunsa. Wallahi ranar na ji haushin mutanen nan, na fi jin haushin kaina.

Haka tsohon ya shiga fili hannu Rabbana.

A kwanar ƙarshe, inda ya saba yin ɓarna, na ga kafaɗarsa ta motsa. Babu abin ɗagawa. Sai ya damƙe linzami ya shiga yi wa goɗiyar magana da ƙarfi, ko lallashi ne ko zagi, Allah masani. Ta miƙe wuya ta wuce biyu. Ta biyu ta zo, alƙaliya kuwa ko murfin bironta ba ta cire ba.

Ya sauko yana dariya, ya rungume ni da warin gumin doki. Da yamma ya karɓo dorinar ya rataye a ɗakin gadinsa, bai ƙara shiga fili da bulala ba. Duk baƙon da ya tambaya, sai ya nuna ta, ya ce a duk bulalun da ya taɓa riƙewa, ita kaɗai ce ta bar shi a kan kekensa.