Kitson da Ya Raba Ƙanina da Aikinsa

Shekarun baya can, 'yan shekaru bayan an yanka mana jihar Yobe, ina zaune a gidanmu na Gashuwa tare da mahaifiyata da ƙanina, sana'ata kitso. Ni ba mai fita ba ce. Duniyata daga tsakar gida sai bakin zaure, amma duk abin da ake ciki a gari yana zuwa ya same ni har kan tabarma, don mace in ta ɗora kai a cinyarki sai bakinta ya buɗe. Matsalar ita ce nawa bakin ya fi na kowa saurin buɗewa. Inna takan ce ko kaza ce ta shigo gidan sai na tambaye ta mutanen gidansu.

Ƙanina shi ne mai karatun gidan. Ni a firamare na tsaya, shi kuwa har difloma ya yi a fannin aikin gona. Ya dawo da takardunsa cikin leda, ya zauna shekara uku ba aiki. Ba zaman banza yake ba. Kullum yana fadamar Katuzu wajen masu tumatir da tattasai, ya duba musu ganye, ya gyara musu injin ban-ruwa, ya dawo da laka har gwiwa. Badanci, yaren manoman wurin, a bakinsa kamar a nono ya sha. Ladansa bai wuce kwandon yalo ko kifi biyu a igiya ba. Akwai yarinyar da yake nema, iyayenta sun ce sun yarda da halinsa, amma ya zo da abin yi tukuna.

Sai aka zo da wani shiri na ɗaukar matasa malaman gona, za a ba kowa babur ya riƙa zaga fadamu daga Nguru har Dagona. Sharaɗin dai ka kasance ɗan asalin wurin. Mu ko a jikinmu. A Gashuwa aka haifi mahaifinmu, a nan aka binne shi. Mai unguwa ya rubuta wa ƙanina takardar shaidar asali ba tare da ya tambaye shi komai ba. Ya je Nguru ya zauna jarrabawa, da aka liƙa sunaye nasa na ciki. Ranar Inna ta soya waina ta raba wa maƙwabta, ni kuma na yi guɗa har muryata ta dushe. Ya kai yadi wajen tela, ya ari babur ɗin abokinsa yana koyo a filin makaranta. Saura mako biyu su fara.

A cikin makon ne wata Hajiya daga Nguru ta zo biki unguwarmu, aka nuno mata gidanmu don kitso. Mace mai fara'a, ga ƙamshin humra. Shuku ta ce tana so, ƙanana, irin wanda ke cin rabin yini. Ina tsaga ina zuba.

"Ke kuwa Hausarki da daɗi," in ji ta. "Ba irin ta mutanen nan ba ce."

Jama'a, da na ce na gode na yi shiru, da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma ina! Kaina ya kumbura.

"Ai Hajiya gado ne. Kakanmu mutumin Haɗeja ne, fataucin fata da ƙirgi ya kawo shi."

"Allah sarki! Wace unguwa? Ina da dangi a can."

Na faɗa mata unguwar, har da sunan kaka. Na ba ta labarin yadda kaka ya iso da jakinsa mai ido ɗaya, wanda ba ya tafiya sai an bi ta ɓangaren da yake gani. Ta yi dariya har sai da na saki gashin. Daga nan na gangaro kan ƙanina, na faɗi cikakken sunansa, na ce ai yana cikin waɗanda aka ɗauka.

"Masha Allah," ta ce. "Ɗan 'yar'uwata ma ya nema, shi bai samu ba. Sun ce yana layin jira."

Har addu'a na yi masa, Allah ya buɗa masa. Da za ta tafi na ƙulle mata bandar kifi a takarda, na raka ta bakin zaure ina ce mata ta gaida gida.

Kwana biyar tsakani aka aiko ƙanina ya je Nguru. Ya tafi da sassafe cikin a-kori-kura, ya sa sabon ɗinkinsa, yana zaton babur za a ba su. La'asar sakaliya ya shigo. Ya yi alwala ya yi salla. Sannan ya zauna a bakin ƙofar Inna, ya zaro wata takarda daga aljihu.

"Inna, an rubuta ƙara a kaina. Wai mu ba 'yan nan ba ne."

"Mu? To 'yan ina ne mu?"

"Na ce wa shugaban kwamitin a nan aka haifi babana, kabarinsa na nan, in suna so in kai su. Ya ce ba su musa ba, amma asali ake bi, ba kabari ba."

Ya fara karanta mana kwafin ƙarar, yana juya ta da Hausa. Ga sunan kaka, ga sana'arsa, ga unguwarsu ta Haɗeja. Da ya zo wani layi sai ya tsaya, ya yi wata 'yar dariya da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba.

"Har da cewa da jaki mai ido ɗaya ya shigo garin."

Inna ta juyo ta dube ni. A gidan nan kaf ba mai ba da labarin jakin nan sai ni. Ƙanina ya ninke takardar a hankali.

"Yaya, wa kika yi wa kitso?"

Abin da ya ce ke nan. Bai ɗaga murya ba, bai zage ni ba. Wallahi da ya mare ni da na fi samun sauƙi.

Mai unguwa da tsufansa ya hau mota har Nguru. Ya ce musu yaron nan a gabansa aka raɗa masa suna. Suka ba shi kujera da ruwan sanyi, suka ce magana ta riga ta wuce sama. Aka maye gurbin da na layin jira.

Wasu suka ba ƙanina shawara, tunda an ce shi ɗan Haɗeja ne, ya je can ya karɓi takarda ya nemi aiki a jiharsu. Ya je. Ya sami wani dattijo a unguwar da ya tuna kaka, har ya nuna masa inda gidan yake, an sayar tun tuni. Amma da aka zo maganar sa hannu sai mai unguwar can ya tambaye shi inda aka haife shi da inda ya yi makaranta. Ya ce Gashuwa. Sai mai unguwar ya ce, "To ɗana, ai kai ɗan can ne. Ni ban san ka ba, yaya zan shaide ka?"

Bayan nan bai sake taka fadama ba. Ya koma kasuwar kifi yana ɗaure kwalayen banda ana lodawa kudu. Yarinyar da yake nema aka ba wani. Abin da ya fi ci mini rai, damina ta wuce, rani ya kama, sai ga manoman Katuzu a ƙofar gidanmu da ganyen tattasai a hannu, duk ya nannaɗe. Suna neman malam ya duba musu. Na ce ba an ba ku malamin gona ba? Ɗaya ya ce, "Mun dai ga babur ɗin sau ɗaya ya wuce ta kan titi." Na aika kasuwa aka kira shi. Ya ce a ce musu ya bar wannan aikin.

Ba a shekara ba ya bi wata motar kifi zuwa kudu, ya zauna can. Allah bai hana shi abinci ba, ya yi aure, yana da rumfarsa. Sai dai ko rasuwar Inna kwana uku ya yi mana ya juya. Muna waya, muna wasa da dariya, bai taɓa tayar mini da maganar ba ko sau ɗaya.

Na daɗe ina ɗora wa bakina laifin duka, kuma yana da nasa kason. Hajiyar nan ma na daina tsine mata, ita ma ɗan 'yar'uwar tata zaman gida yake yi. Amma har yau na kasa gane yadda za a tara yara masu ƙarfi da ilimi a jefa musu guraben da ba su kai yatsun hannu ba, sannan a ce su tono kakannin juna. Ƙarya na yi? Ban yi ba. Gaskiya na faɗa a tsakar gidan ubana, ita ta kori ƙanina daga garin da aka haife shi.

Kwanakin baya babbar 'yarsa ta kira ni. A kudu aka haife ta, ta gama karatu, tana cike takardar neman aiki.

"Gwaggo, an ce in rubuta ƙaramar hukumarmu ta asali. Baba ya ce in tambaye ki, ke kika san tarihin gida."

Na riƙe wayar ina jin numfashinta. Ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba, sai na ce mata layin ba kyau, zan kira ta anjima. Yau kwana tara ke nan ban kira ba.