Gurbina a Bangon Zango

Zan fara da neman afuwa, domin ƙwaƙwalwata ba abar dogaro ba ce sosai. Wataƙila guraben da zan ba ku labarinsu bakwai ne, wataƙila takwas. Littafin da na rubuta su a ciki ruwa ya jiƙa shi. Abin da na tabbatar kawai shi ne akwai bango, kuma saura kaɗan in kayar da shi.

Bangon ragowar wani tsohon zango ne a gefen hanya, kafin a kai shingen iyaka daga Jibiya. An ce fatake ne suke sauka a wurin a zamanin da. Ban ce ƙarya ba ne, amma ban gani da idona ba. Bangon na ƙasa ne, bai fi tsayin mutum ba, kuma yana ba da inuwa daga azahar. A jikinsa akwai wurare a jere da suka lotsa, kowanne daidai bayan mutum, har da inda ƙeya take zama. A nan 'yan dako suke jingina idan sun gama sauke kaya, yawancinsu mutanen Maradi.

Ni kuwa lokacin na dawo daga jami'a da takardar shaida a fannin tarihi, ba aikin yi. Ranar da na lura da guraben nan sai na tsaya ina ƙirga su. Na ce a raina, bayan mutum nawa ne ya gogi ƙasa kafin ta lotsa haka? Na je na yi wa mai unguwa dogon bayani. Ya ce, "To, ka kula da shi." Yanzu ina zargin so yake in tashi ya ci abincinsa.

Abin da na riƙe daga makaranta, idan na fahimta daidai, shi ne kayan tarihi ba a ƙara musu, ba a rage musu, ba a taɓa su. Sai na kafa turaku na zagaye bangon da igiyar aro.

Babban 'yan dakon, wani ƙato mai ɗaukar buhu biyu a tafiya ɗaya, ya tsaya yana kallona.

"Malam ɗan boko, mi bangon ga ya yi maka?"

"Kare shi nake yi."

"Daga wa?"

Na ce, "Daga bayanku, in ba za ka ji haushi ba."

Ya juya ga 'yan'uwansa. "Kun ji! Bayan nan nawa har Maradi an san shi, ba a taɓa kama shi da laifi ba sai yau."

Suka koma gindin wata motar kaya suka zauna, suna bin inuwarta kamar kaji.

Gab da damina wani tsohon magini ya iso da jaki da jar ƙasa, wai zai yi yaɓen da ya saba yi. Na tare shi. Na ce, "Baba, idan ka yaɓe shi guraben tarihi za su toshe."

Ya daɗe yana dubana. "Ɗana, ka ci abinci yau?"

Na ce na ci.

"To shi ke nan. In ruwa ya zo, ka gaya mashi ka yi jami'a." Ya ja jakinsa.

Na aro tamfol na rufe bangon, na danne da duwatsu. Ruwan farko ya taru a kai ya tsiyaye ta ciki. Awaki suka samu mafaka, suka shige suna soshe-soshe. Gara ma ta zo. Bayan ruwa na uku, ko na huɗu, kusurwar gabas ta zube.

Na ɗauki ɓaraguzan da hannu biyu kamar jariri. A cikin ƙasar, can ciki, na ga marfin kwalbar lemo da guntun katin waya. Kwana biyu ina neman hanyar da zan bayyana yadda fatake suka samu katin waya. Ban samu ba. Na tafi gidan magini na durƙusa.

Washegari ya zo. 'Yan dako suka naɗe wanduna suka tattaka ƙasa da ciyawa, shi kuma ya ɗinke kusurwar, ya shafe bangon sumul. Ina tsaye guraben suka ɓace ɗaya bayan ɗaya, har idona ya kawo ruwa.

Da yaɓen ya ɗan sha iska sai magini ya tafa hannu. "To, kowa ya kama wurinshi!"

Kowane ɗan dako ya yafa buhu a baya, ya zauna, ya dafe ƙafa a ƙasa ya tura, yana mutsu-mutsu.

"Kai, matsa can! Bara ma ka ci mani kafaɗa."

"Kai ne ka yi ƙiba, laifina ne?"

Kafin la'asar tarihin da nake gadi ya dawo gaba ɗaya, ɗanye shar.

Na ce, "Baba, tun yaushe ake yin haka?"

"Tun kakana. Kowace shekara. Ina ka zaci ramukan suke fitowa?"

Wuri ɗaya ya rage a shafe, na wani dattijo da ya bar dako ya koma gida. Ƙaton nan ya ɗaga ni kamar buhun dusa ya dasa ni a wurin. "Tura, ɗan boko!" Ni kuwa tsoro nake kada in ɓata bangon, sai na jingina da kafaɗa ɗaya, a hankali. Gurbina ya fito a karkace, ba zurfi.

Bangon ya ga ƙarshen damina lafiya, 'yan dako suka dawo inuwarsu, na mayar wa mai igiya igiyarsa. Da rani wasu baƙi suka tsaya ɗaukar hoto. Ɗayansu ya nuna gurbina ya ce da gani na wani farke ne da ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar kaya a kafaɗa ɗaya. Na ce, "Mai yiwuwa."

Duk wanda yake wurin a waccan shekara, idan ya ga na yi kuskure, musamman a yawan guraben ko a kusurwar da ta zube, don Allah ya aiko mini da gyara. Idan saƙo ba zai yiwu ba, ya same ni ranar yaɓe. An gargaɗe ni cewa wanda bai zo ba, gurbinsa na wani ne.