Abin da Ya Rage a Wutsiyar Kaset

Da azumin bana aka cika shekara ashirin cif da fitar da Mai Rediyo daga zauren gidanmu na Gyadi-Gyadi, fitar da ba a dawowa. Ni na haife shi. Shi ne ɗana na fari, don haka kada mai karatu ya yi mamaki in ya ji ina kiransa da sunan da unguwa ta laƙaba masa. A inda na taso, mace ba ta kama sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa, ba ta haɗa ido da shi a gaban mutane. Haka na ga uwata ta yi, haka na yi. Ban taɓa zama a aji ba. Ƙanwarsa Binta, wadda ke koyarwa a wata firamare a Tarauni, ita ke riƙe da biro, ni ke faɗa, na kuma ja mata kunne kada ta gyara mini magana.

Shekarar da soja suka koma bariki gari ya cika da amo. Motocin 'yan siyasa da lasifika a ka, kowace kwana da waƙarta, kayan gwanjo kuma sai shigowa suke. Shi yana da ɗan shago a bakin titin Zariya inda yake gyaran rediyo da rakoda. Wata rana wani direba ya kawo masa rediyon wata mota da aka sayo daga waje, da kaset maƙale a ciki. Ya gyara, ya kunna don gwaji, sai ya ji wani abu kamar ɗigon ruwa a garwa, can kuma kamar janareta na tari, ba mawaƙi ba 'yan amshi. Ya ce gyara bai yi ba, ya sake kwancewa. Sau uku yana buɗe cikin rediyon nan yana neman cutar da babu ita, kafin ya sa kaset ɗin a wata rakodar ya gane lafiyar rediyo ƙalau, kiɗan ne haka masu shi suka yi shi. Abokansa sun daɗe suna yi masa tsiya a kan wannan. Shi kuwa tun daga ranar kunnensa ya sauya.

Ni ba mai yawan magana ba ce, amma abu ba ya wucewa ta gabana ban gani ba. Bayan la'asar yakan baje a zaure da rakoda biyu, da wani tsohon fiyano mai mataccen haƙori biyu, da reza, da kwalbar jan farcen da ya ƙwace wa Binta. Sai ya zaro zaren kaset, ya yanka, ya liƙa da jan farce, ya hura ya bushe, ya naɗe da biro. Ya ɗauki tsohuwar waƙar kalangu da mahaifinsa ke so, ya ja muryar har ta koma kamar daga rijiya take fitowa, ya shimfiɗa mata ƙugin injin markaɗe a ƙasa, ya yayyafa hon ɗin motocin haya. Wai ya ɗinka mata sabuwar riga. Ni kuwa a raina na ce ya dai yaga mata tsohuwar. Duk kaset ɗin da ya gama, sai ya ɗiga masa jan farce a goshi, ya karye masa 'yan kunnuwan nan biyu na sama, don kada wani ya hau kansa da wani ɗauka. Direbobin hayis da masu shayi ne ke saye. Sauran jama'a suna cewa yaron kirki ne, amma a yi masa addu'a.

Yanzu ina zaune a ƙofar gida ina jin masu adaidaita suna wucewa da irin wannan kiɗan, ba wanda ya waiwaya. An ce mini abin da yake kwana bakwai yana yankawa da liƙawa, yau da yatsa ɗaya ake yinsa a waya kafin shayi ya huce. Nakan tambayi kaina me zai ce. Wataƙila ya yi murna, ya ce ashe ba hauka yake ba, sammako ya yi. Wataƙila kuma ya taɓe baki, don shi mutum ne da yakan tsaya rabin yini a bakin kwata yana jiran ruwa ya faɗi yadda yake so. Ban sani ba. Ban tambaye shi komai ba lokacin da tambaya take da amfani.

Ga abin da ya shiga tsakaninmu. Wata ranar damina ina daka da maƙwabciyata a tsakar gida, muna lugude, ashe ya ajiye rakoda mai batir a bayan randa tana ɗauka. Shi kuma yana zaure yana haɗa waya, an ɗauke wuta. Aka kawo ta ba sallama. Na ji ƙara, na waiga, na ga ta maka shi da bango. Taɓarya ta faɗi daga hannuna, bakina ya riga hankalina, na kira sunansa. Sunansa na yanka, da ƙarfi, har maƙwabta suka ji. Ya tashi yana karkaɗe hannu, lafiyarsa lau. Na sunkuya na ɗauki taɓaryata.

Bayan kamar wata biyu na shiga hayis zan je kasuwar Tarauni. Direba ya tura kaset. Na ji lugude, na ce wannan hannun na san shi. Na ji taɓarya ta faɗi. Sai ga muryata, ni, tana kiran ɗana na fari, tana sakewa, tana sakewa, an ɗora ta a kan kiɗa kamar ganga. Matar da ke kusa da ni har gyaɗa kai take. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na sauka tun ba a kai rabin hanya ba, na tako gida da ƙafa.

Na same shi a zaure. Ban dube shi ba, bango na fuskanta, na ce, “A gaya wa mai shagon nan, muryar da ya sata ya kai tasha, ya dawo mini da ita.”

Ya ce, “Inna, shekara ashirin da bakwai ina jiran kalmar nan. Sau ɗaya kika ba ni. In ban juya ta ba, yaya zan yi ta ishe ni?”

Na ce, “Rashin kunya.” Na shige ɗaki.

Bai yi musu ba. Ya bi direbobi ɗaya bayan ɗaya ya karɓo kaset ɗin, ya farfasa su a gabana. Na ɗauka na yi nasara. Bayan shekara uku zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana biyar, Allah ya karɓi abinsa. Ko a gefen shimfiɗarsa, da hannunsa a nawa, “sannu” kawai na iya cewa.

Da aka yi sadakar arba'in aka kawo mini katan biyu na kaset daga shago, duk masu ɗigon ja. Matan da ke zuwa gaisuwa suka ce duk sanda wani ya taka rawa da su, nauyin zai sami Mai Rediyo a kabari. Tsoro ya kama ni, tsoron uwa. Na ɗauki kayan na kai wa wani mai ɗaukar kaset a kasuwar Tarauni, na ce ya hau kansu da wa'azi da karatu, in raba sadaka ladan ya je masa. Mutumin ya juya ɗaya a hannu ya ce, “Hajiya, mai waɗannan ya karye musu kunne. Ba ya so a taɓa su. Kin ko saurara?” Na ce ba shawara na zo nema ba. Ya yi ta cusa takarda a ramukan yana toshewa, ina tsaye a kansa har ya fara. Na raba su a Gyadi-Gyadi da Daurawa da Darmanawa, na bar ɗaya. Sai daga baya Binta ta ce mini, cikin kuka, a cikinsu ne kaɗai muryarsa take. Da na sani ƙeya ce.

Wanda na bari nakan saurara da hantsi, malamin wa'azin na yin sallama in kashe. Shekara bakwai haka. Ran nan hannuna na cikin ƙullu, malam ya yi sallama, ban samu kashewa ba. Kaset ya ci gaba da shuu. Sai lugude. Sai taɓarya. Sai ni, sau uku. Sannan aka yi dariya ƙasa-ƙasa, dariyarsa, ya ce, “Yauwa, ya zauna.” Kaset ya ƙare. Ashe ya ɓoye uwar kaset ɗin bai fasa ba, wa'azin kuma bai kai tsawon zaren ba. Na zauna a ƙasa da ƙullu a hannu har ya bushe.

Ba fatawa na zo bayarwa ba, wannan na malamai ne, kuma ina fatan ladan karatun nan ya iske shi. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na shafe aikin ransa ban saurara ba, kamar yadda na yi da shi kansa. Abin da na so binnewa shi Allah ya tsirar, ya ajiye mini a bayan sallamar malam.

Roƙona ga duk wanda sadakar nan ta je gidansa: in akwai tsohon kaset mai ɗigon ja a ƙasan akwati, kada a zubar. A bar shi ya wuce sallama. Ko tari aka ji, ina so. Duk layinmu an san gidan Mai Rediyo.

Binta ta ɗago tana dubana, ta ce ba a rufe irin wannan rubutu ba suna, masu addu'a su san wa za su yi wa, ko ta rubuta da kanta? Na ce a'a, ta jira ta ji daga bakina.

Kabiru. Allah ya jiƙanka, Kabiru.

Sau biyu ke nan. Ka juya su yadda kake so.