Fitilar Ƙofa ta Biyu

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina sanar da ku abin da ya auku a gidana jiya da hantsi.

Yayata, Hajiya Hadizatu, da ta zo mini ziyara daga garin Madekali, ita kaɗai ta rage a zuriyarmu da ta riƙe waƙoƙin daɓe, waɗanda mata suka bari tun shigowar siminti. Domin in naɗi muryarta, na sayo ƙaramin akwatin da ke haɗa makirfo da na'ura mai ƙwaƙwalwa. Na zaɓi mai ƙofa biyu ta jona makirfo, kowace da fitilarta, ko da yake makirfo ɗaya gare ni.

Da ta fara waƙa, fitilar ƙofar farko ta riƙa ƙyaftawa yadda ya kamata. Amma duk inda ta yi shiru, a gurbin mai amshi, sai fitila ta biyu ta kama, alhali ba a jona mata komai ba.

Na ce, "Yaya, wataƙila wutar ce ba ta da ƙarfi."

Ta ce, "Alhaji, wuta ta san inda ake amshi? Shekara arba'in ƙanwarmu Rabi, Allah Ya jiƙanta, tana amsa mini, kuma daidai nan take shigowa. Kashe abin ga."

Na saurari abin da muka naɗa. Babu murya a gurbin, sai jan numfashi irin na mai shirin ɗaukar waƙa.

Tun lokacin ta ƙi sake rerawa. Waƙa uku kacal muka samu, kuma jibi za ta koma gida.

Ina roƙon haɗin kanku. Wanda ya san aikin wannan akwati, don Allah ya zo kafin jibi ya yi mata bayani da bakinsa, domin ni na kasa.