Rigar da Baba Bai Gama Ba

Mahaifina ɗinkin babbar riga yake yi da hannu, a zauren gidanmu da ke Kusfa. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya zauna aiki shi kaɗai ba. Kullum da hantsi ɗan gwaggonsa, wanda muke kira Kawu, zai taho daga Ƙofar Jatau a kan wani tsohon keke, ya zauna a hagunsa da nasa ɗinkin. Abokan wasa ne, kowa na cewa ɗaya bawansa ne.

Kawu ba ya ko gama gaisuwa zai ja rigar Baba ya kai ta kusa da ido.

"Kai bawana, wannan askar maye ta yi ne? Dubi yadda ta karkace."

Aska ita ce zanen nan mai tsini da ake yi a ƙirjin riga, kuma ta Baba ba ta taɓa karkacewa ba. Amma sai ya harzuƙa, ya mayar masa da wadda ta fi zafi, allura kuwa tana ta gudu a hannunsa har azahar. Ni haushin Kawu nake ji sosai. A ganina, mutumin da manyan gari ke layin rigarsa bai kamata a riƙa yi masa haka ba.

Da Kawu ya rasu, Baba bai yi kuka ba. Aka share makoki, ya koma zaure, ya ɗora riga a cinya. Zai zura zare, ya soka allura, sai ya tsaya yana kallon ƙofa. Haka zai wuni. Abinci ma ya koma sai an yi da gaske.

Mun yi duk abin da muka sani. Na kai shi asibiti, aka ce idonsa lafiya lau. Ƙannena suka yi ta yabon aikinsa, masu riguna suka zo suna cewa babu irinsa a Zazzau. Ya ce musu madalla, ya ci gaba da ramewa. Tsoro ya kama ni, domin na ga mutum yana tafiya alhali yana zaune a gabanmu.

Innarmu ce ta faɗa mini, tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Ku kuna ta yabonsa. Shi kuwa wanda zai kushe shi yake jira."

To wa zai yi? Ni ɗan fari ne. Baba ko sunana ba ya kamawa, ni ma ban taɓa haɗa ido da shi ba. Na yi kwanaki ina juya maganar. Wata Asabar na shiga zaure, na durƙusa na gaishe shi, na kama bakin rigar da ke cinyarsa.

"Baba, wannan askar ta karkace."

Wallahi sai da fuskarsa ta washe. Kafaɗunsa suka miƙe, ya damƙi allura, ya juya hagu da sauri, baki buɗe, amsa ta riga ta zo masa. Babu kowa a wurin sai buzun Kawu a naɗe jikin bango. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya juyo gare ni, na ga ya haɗiye maganar. Irin wadda ake gaya wa abokin wasa ce, ba a gaya wa ɗa.

"Allah ya yi maka albarka," ya ce a hankali. Ya ninke rigar da allurar a jikinta.

Bai ga damina ta gaba ba. Rigar tana wurina, allurar ta yi tsatsa ta ɓata yadin, na kasa zare ta. Wani lokaci nakan shimfiɗa ta in duba askar, tana nan a miƙe sak. Har yau idan na ratsa zauren nan da hantsi nakan rage tafiya, ko zan ji abin da ya so ya ce.