Ankon da na yi wa kifaye

Ni tela ne, ko in ce na taɓa zama tela, don yanzu idona ba ya ganin kafar allura. Shagona yana Ƙofar Wambai, gidanmu kuma yana bayansa. Karatuna bai wuce allo da firamare ba. Abin da na sani shi ne yadi da launi. In aka kawo mini ankon biki, ko mutum talatin ne, sai na fitar da su kamar ciki ɗaya suka fito. Wannan sanin ne ya cuce ni, ni kuma na cuci yayata.

Yaya ta girme ni nesa ba kusa ba. Da mijinta ya rasu, ba ta da ɗa a raye, sai na ɗauko ta na ba ta ɗakin da ke kallon falona. Daddawa take yi, matan unguwa suna aikowa saye. Ba ta da yawan magana, sai dai in ta sa wa abu ido takan daɗe ba ta ɗauke ba.

A gidan wani tsohon saja na fara ganin kifi a akwatin gilashi. Mutumin kudancin jiha ne, ya yi ritaya ya zauna kusa da barikin Shadawanka. Na kai masa ɗinkin iyalinsa, na tarar da akwatuna jere a baranda, ɗan injin iska yana ta tayar da kumfa a cikinsu. Ya ce dangin karfasa ne, irin wadda ake kamawa a madatsar ruwa ta Gubi, amma waɗannan asalinsu wani babban tafki ne can nesa, kuma ba don miya ake ajiye su ba. Na tsaya kallo har na manta da sallama. Kafin wata ya ƙare akwati ya shigo falona. Shi ya zuba tsakuwa, ya jera duwatsu, ya zaɓa mini kifayen: rawaya, ja-ja, wasu farare-farare, da shuɗi guda ɗaya mai baƙin zane a jiki.

Na ce masa, "Saja, wannan shuɗin ya fi su kyau. Ƙaro mini irinsa."

Ya ce, "Oga tela, wannan guda ɗaya ya isa. Shi ba ya son mai kama da shi. Ka bar shi da baƙi, zai zauna lafiya."

Na yi dariya. A raina na ce, yaushe jini ya ƙi jini?

Kullum na kalli akwatin sai in ga kamar ƙyallayen da ake sharewa a ƙarƙashin keken ɗinki, kowane da launinsa. Ido na tela bai yarda ba. Da na ji Saja ya yi tafiya garinsu, na kwashe sauran a bokiti na mayar, na sa matarsa ta kamo mini shuɗaye shida, na zaɓi waɗanda launinsu ya fi ƙuna. Ta ce, "Baba ya hana fa." Na ce mun riga mun yi magana da shi. Ƙarya na yi. Da yamma shuɗi bakwai suna yawo a falona, anko ya fita, har maƙwabta suna shigowa kallo.

Abu na farko da na lura da shi tsakuwa ce. Na baje ta daidai, amma da na dawo daga masallaci da asuba sai na ga an tara ta gefe guda, an bar rami dogo a gindin dutse, har gilashin ƙasa ya bayyana. Na sake bajewa. Washegari ramin ya dawo, a wurinsa na jiya, da tsawonsa na jiya. Maiɗakina ta leƙa ta ce, "A'uzubillahi, kamar kabari." Na ce ta daina irin wannan magana da sassafe.

Ran nan na ƙirga na samu shida. Murfi yana rufe. Na duba ƙasa, na duba bayan kujera, ko ƙaya ban gani ba. Sauran shidan suna gaban gilashi, sun jeru suna kallona, bakinsu yana buɗewa yana rufewa.

Ni ina fita shago da safe, sai magariba nake dawowa. Yaya kuwa in ta gama aikinta takan ja tabarma gaban akwatin da carbinta, ta zauna har la'asar. Wata rana ina cire hula ta ce, "Auta, wancan da ya maƙale a kusurwar sama, launinsa ya koɗe, ba zai kwana biyu ba."

Na ce, "Haba Yaya, yanzu kuma duba kika koma?"

Ta ce, "Da na iya duba, da na duba wa kaina miji mai tsawon rai."

Muka yi dariya har da maiɗakina. Kwana biyu ba su cika ba, kusurwar ta zama wayam. Saura biyar. Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Na uku ma ita ta faɗa, da yatsa ta nuna shi, shi ma ya ɓace, saura huɗu. Sannan ta ce, "Babban nan naka da kake ji da shi, shi ne. Fitar da shi ka huta." Na kalle shi. Shi ne na farkon da Saja ya ba ni, shi ne yake fara zuwa in na ɗaga murfi, har yana taɓa yatsana. Ban taɓa ganin ya kori kowa ba. Na ce, "Wannan ai ya fi su ladabi." Ta ce, "A gabanka."

Cikin makon ne Yaya ta ɗaga haɓar 'yar ƙaramarmu, ta ce idon yarinyar bai yi mata ba, a kula. Washegari zazzaɓi ya rufe ta. Maiɗakina ta same ni a zaure.

"Maigida, duk abin da ta nuna sai ya faɗi. Kai ba ka gani ne?"

"Yayata ce fa kike magana."

"Na sani. Ni dai 'yata nake ji."

A nan ya kamata in tsawatar. Ban yi ba.  Gaskiyar magana ni ma tsoron ya shige ni. Na ɗauko ragowar baƙin yadi daga shago na lulluɓe akwatin, na kulle falo. Da hantsi in gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai kumfar injin tana fitowa ta bayan ƙofa, kamar wani yana numfashi a ciki.

Yaya ta tare ni da tabarmarta a hannu. "Auta, makullin falo fa?"

Na ce, "Ya ɓace."

Ta kalli aljihuna, ta daɗe tana kallonsa. Sai ta koma ɗakinta.

Maiɗakina ta faɗa wa maƙwabciya ɗaya, ɗaya kawai, don neman shawara. Kafin Juma'a ta zagayo an daina aikowa sayen daddawa. In Yaya ta fito ƙofar gida, mata sukan janye 'ya'yansu ciki. Ba wanda ya furta kalmar maita a gabanmu. Abin da ake cewa a soro da bakin famfo shi ne, "Da kifi ta fara."

Ba ta yi faɗa da kowa ba. Wata safiya ta ɗaure kayanta ta ce za ta je gidan ƙanen mijinta a Ƙofar Ran ta kwana biyu. Ni na tsayar da keken haya, ni na ɗora mata ƙunshin da hannuna, ban ce ta zauna ba. Yarinya ta sha maganin asibiti ta warke, mutane suka ce, "Ka gani? Tana fita, yarinya ta tashi."

Amma da na yaye baƙin yadin, uku na tarar. Yaya ba ta sa musu ido ba tun da na kulle ƙofar.

Ranar Juma'a ba na buɗe shago. Da na dawo daga masallaci na zauna a ƙasa, daidai inda take shimfiɗa tabarma, ban taɓa murfi ba, ban motsa ba. Da farko suka jeru suna jirana. Can da suka gaji suka manta da ni. Sai babban ya canza. Zanen jikinsa ya yi baƙi ƙirin, ya buɗe ƙayoyin bayansa, ya bi ɗaya ya dake shi a ciki, ya sake, ya sake, har ya kai shi kusurwar sama. Ya koma gindin dutse yana cika baki da tsakuwa yana tofarwa gefe, yana gyara raminsa. In wancan ya ɗan sauko, sai ya fito kamar an harba shi. Kafin la'asar ɓawon jikin wancan yana yawo a ruwa, na ukun kuma yana bi yana tsinta. Na yi tari, nan take babban ya zo gaban gilashi, launinsa ya kwanta, yana jiran abinci.

Na nufi gidan Saja, na same shi ya dawo daga tafiya. Ya saurare ni har ƙarshe, ya kama kai.

"Oga tela, me na gaya maka? Ka zaɓi masu launi sosai, duk maza ka kwasa. Kuma ba iri ɗaya ba ne, kala ne kawai ɗaya. Shi in ya ga shuɗi mai zane, abokin gaba ya gani. Wanda ya mutu, sauran su cinye shi kafin safe. Ba wanda ya zauna ya kalle su a gidanka?"

Na ce, "Akwai."

Daga nan ban bi ta gida ba, na wuce Ƙofar Ran. Na same ta a ɗan ɗakin da ake ajiye itace, an share mata gefe. Maganar ta riga ta isa can, kwanonta daban, butarta daban. Na durƙusa na faɗa mata komai, har ƙaryar da na yi wa matar Saja, har makullin.

Ta ce, "Na yafe, Auta, duniya da lahira. Tashi, za ka ɓata rigarka."

Na ce ta zo mu koma gida.

Ta ce, "In dawo, ranar da yarinyar ta sake yin atishawa fa?"

Na tashi na koma gida ni kaɗai.

Na yi iya ƙoƙarina. Na tsaya bayan sallar la'asar a masallacin unguwa na yi bayani, na ce laifina ne, ni na haɗa abin da ba ya haɗuwa. Na kai dattawa falona suka zauna suka gani da idonsu. Suka jinjina kai, suka ce Allah mai iko. A bakin ƙofa wani ya ja hannuna ya rage murya: "Haka ne. To amma ita, ya aka yi ta riga kowa sani?"

Shekara biyu ta yi a ɗakin itacen. Kullum ina kai mata abinci, kullum tana karɓa da godiya, ba ta sake tako gidana ba. Ranar da ta rasu aka aika wa matan da suka saba wankan gawa. Ɗaya ta ce ƙafa ke damunta, ɗaya aka ce ba ta gari, alhali na gan ta da safe. Muna zaune a ƙofar gida da likkafanin da na ɗinka, rana tana ɗagawa, ba wadda ta zo. Sai maiɗakina ta miƙe, ta ɗaura zane a ƙirji, ta ɗauki bokiti ta shiga ita kaɗai. Daga waje ina jin zubar ruwa, ina jin tana cewa, "Yaya, ki yafe mini," tana maimaitawa har ta gama.