Neman Fitilar Baba a Kuru

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na tayar da tsohuwar motar Baba daga Anguwan Rukuba, da fitila ɗaya tal. Laifin ƙanena ne. Bayan rasuwar Baba ya cire fitilun motar masu ruwan ɗorawa, ya sa farare na zamani masu kashe ido. Ko wata ba a yi ba, ta hagu ta mutu.

Ba wannan ne ya fi damuna ba. Shekara da shekaru, in Baba ya shawo kwanar gidanmu da magariba, yakan haska fitila sau biyu, Mama ta fito ta buɗe get. Yanzu mantuwa ta kama ta. Takan zauna a bakin taga tana jira, farar fitila kuwa ba ta san ta ba. Har abinci ta rage ci.

Bukuru, shida saura minti goma

Hazon damina ya rufe hanya, farin hasken yana dawo mini cikin ido. A shinge wani ɗan sanda ya leƙo.

"Madam, na ɗauka babur ne!"

"Oga, gyara zan kai ta."

Ya yi dariya, ya ɗaga hannu.

Kuru, shida da rabi

Na ci masar naira ɗari biyar ina jiran Baba Pam, tsohon mai gyaran wutar mota da Baba ke yabo. Da ya iso ya dubi fitilun, ya yi tsaki.

"'Yata, waɗannan ado ne kawai. Sai kyan gani kamar kitsen rogo."

Sai bayan azahar ya tono tsofaffi biyu a ƙarƙashin tarkace, ya goge su da gefen rigarsa. Da ya ɗaura su a motar ya kunna, bangon shagon ya yi ruwan ɗorawa. Kewar Baba ta taso mini.

Gida, bakwai saura kwata na yamma

Da gangan na yi jinkiri a hanya har rana ta faɗi. A kwana na haska sau biyu. Get ya buɗe.

"Baban Kaneng, ka daɗe," in ji Mama.

Na sauke gilashi. Ta daɗe tana kallona.

"Kaneng, ke ce? To shigo mu ci, gwaten zai huce."

Ta cinye kwanonta. Na gode wa Allah, na gode wa Baba Pam.